Gawar da Aka Ɗaure wa Haɓa

Da hantsi aka bugo waya kwamisariya, ofishin 'yan sandan Damagaram, cewa masu fasa dutse sun tsinci gawa a bayan unguwar Kara-Kara. Ansifekta Idirisu ya ture kofin shayinsa, ya kira mataimakinsa Birgadiye Nazir, suka hau mota.

Idirisu ya ga gawa iri-iri a aikin nan, ba ta hana shi cin tuwo. Amma wannan ta tsayar da shi.

Namiji ne, bai wuce arba'in ba. Da dutse aka buge shi a ƙeya. Sai dai ba a bar shi yadda ya faɗi ba. An kwantar da shi a gefen dama, fuska na kallon gabas. An rufe masa ido. An ɗaure masa haɓa da ƙyallen farin yadi sabo fil, an haɗa manyan yatsun ƙafarsa an ɗaure.

"'Yan ƙwaya ne, shef," in ji Nazir.

"Ga motonsa can, babur sukutum, da makulli a jiki. Ga salula a aljihu. Wane ɗan ƙwaya ne zai bar moto ya tsaya ɗaure wa mutum haɓa?"



Kartin shaidar da ke aljihun mamacin ya nuna sunansa Tahiru, majo ne, shi ke riƙe da ɗan asibitin ƙauye a kwamin, wato ƙaramar hukuma, ta Dakusa. A jakarsa ba komai sai ƙulle-ƙullen leda, kowane da gyaɗa a ciki. Idirisu ya kwance ɗaya. Gyaɗar ta yi baƙi-baƙi, tana warin fumfuna.

Ya kwance ƙyallen haɓar da hannunsa, ya naɗe, ya sa aljihu.

Wadda Tahiru ya kira ƙarshe a salularsa likita ce a cikin gari, sunanta Zakiyya. A bironta na asibiti suka same ta. Da ta ji labari sai ta zauna.

"Jiya da la'asar yana nan kujerar da kake kai," ta ce.

"Me ya kawo shi?"

"Ciwon daji na hanta. Ansifekta, ciwon nan ba daidai yake kama ko'ina ba. Daga Birni jefi-jefi nake ganinsa. Akwai kwamin da shekara za ta fita ban ga ko mutum guda daga can ba. Amma daga gefe ɗaya na Dakusa, Garin Ɗanƙarami da ƙauyukan da ke cin kasuwarsa, ba sa yankewa. Maza majiya ƙarfi, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya. Kafin su iso nan an gama."

"To, gyaɗar fa?"

"Gyaɗa in ta jiƙe ta yi fumfuna, akwai dafin da take fitarwa. Suya ba ta kashe shi. Yana cin hanta a hankali, shekara da shekaru, balle in da ciwon shawara a jiki. Tahiru ya bi gida-gida ya tsinto, muka aika aka auna. Jiya na gaya masa sakamako. Dafin ya yi yawa ƙwarai. Ya ce ran Juma'a zai tsaya ƙofar masallaci ya gaya wa gari duka."

"Shi kaɗai ya zo?"

"Ya ce ya rage wa wani dattijo hanya, zai yi sayayya a kasuwa, su koma tare. Bai faɗi suna ba."

Idirisu ya tashi. Gobe ne Juma'a. In mutumin da zai yi magana ya mutu, gari zai ci gaba da cin abin da yake ci.

Ƙauye ba hurumin 'yan sanda ba ne, sai da suka biya Takeita aka haɗa su da jandarma ɗaya. Azahar ta gota suka isa Garin Ɗanƙarami. Abin da ya fara tarbarsu makabarta ce, sababbin kaburbura a jere, ƙayar da aka ɗora musu ko bushewa ba ta yi ba.

Maigari Sama'ila ya shimfiɗa musu tabarma. Ya yi salati da ya ji mutuwar majo, amma idonsa na ƙasa.

"Wa ya bi shi Damagaram jiya?" in ji Idirisu.

"Ban ga tafiyarsa ba, ranka ya daɗe."

"An ce ana mutuwa a garinku."

"Ina ne ba a mutuwa? Lafiya lau muke. Majo ne, Allah ya jiƙansa, yake so ya ɓata mana suna. Yanzu ma 'yan Takeita in sun gan mu a kasuwa, sai su ce ga masu ciki sun zo."

"Kaburburan can fa, shuka kuka yi?"



Ƙamshin suya ya ja Idirisu wani gida. Wata mace mai suna Rabi ce ke toya ƙuliƙuli, ta miƙo masa a faranti. Ya karɓa, bai kai baki ba.

"Inna, ina kike samun gyaɗa?"

"Wurin Malam Nomau mana, duk matan garin nan. Mutumin kirki. Mai kyau ya tsince ya kai birni, baƙar ya bar mana da araha. In ba ki da ko dala ma ya auna miki."

"Me ke sa ta baƙi?"

Ta yi dariya. "Kai ɗan birni ne. Ruwa yake yayyafa mata a buhu ta kwana, ta kumbura ta cika tiya. Haka ubansa ke yi. Wadda ta kwana biyu ba ta fita ba, ita ce tamu."

"Mijinki fa?"

Dariyar ta ɗauke. "Bara. Ciki ne."

"Allah ya jiƙansa. Wa ya yi masa wanka?"

"Wa ke wanke mazan garin nan in ba Malam Nomau ba? 'Ya'yansa biyu ma shi ya wanke da hannunsa. Ga na ukun can kwance, Yunusa."

Idirisu ya ajiye farantin a hankali.

A zaure suka sami Nomau, dattijo ramamme mai furfura, yana yi wa ɗansa fifita. Yunusa na kwance a tabarma, ciki kamar tulu, haƙarƙari a waje. Bayansu buhunan gyaɗa ne har rufi, ƙasa da danshi.

"Malam, jiya ina kake?"

"Nan. Ban ɗaga daga kan yaron nan ba."

"Ba ka je Damagaram ba?"

"Rabona da ita tun kaka."

A kan buhu na sama akwai wani ƙunshi cikin baƙar leda. Idirisu ya sa Nazir ya sauko da shi. Farin yadi ne, likkafani, ko ninkin kanti bai saki ba. Gefe ɗaya an yage shi da hannu.

Idirisu ya zaro ƙyallen aljihunsa, ya shimfiɗa a bakin yagar. Zare ya hau zare.

Fifitar ta tsaya.

"Ka kashe mutum," in ji Idirisu, "amma hannunka bai iya barin gawa a wulaƙance ba."

Nomau ya dubi ɗansa. Ya rage murya don kada ya ji.

"Likkafanin wannan na je saye. A hanyar komowa majo ya ratse bayan duwatsu, ya ce yana da magana, ba ya so in ji ta a gaban jama'a. Ya ce gyaɗata ce. Ya ce ita ta ci mijin Rabi, ita ta ci 'ya'yana. Na ce ƙarya kake. Ya ce an auna. Na ce to ka rufa mini asiri, zan ƙone ta. Ya ce akwai ta a kowane gida, dole a faɗa."

Ya goge bakinsa da hannun riga.

"Ni na wanke su duka, Ansifekta. Ina wankewa ina cewa maye ne ya shigo gari, ina tsine masa. Ya juya zai tada moto, na ga dutse. Da ya faɗi bakinsa ya buɗe. Ba a barin Musulmi haka."

"Tashi."

Nazir ya sa masa ankwa. Mutane sun cika ƙofar gida, an taso daga sallar la'asar. Idirisu bai iya wa'azi ba, bai kuma jira Juma'a ba. Ya jawo buhu ɗaya, ya farke shi da wuƙa, baƙar gyaɗa ta zube gaban maigari.

"Ga mayenku," ya ce. "Baƙar gyaɗar nan ke cin hantarku. Majo ya mutu a kan ya gaya muku. Duk mai irinta a gida ya fito da ita a ƙone. Wanda ya ƙi, shi da hantarsa."

Ba wanda ya motsa. Sai Rabi ta juya, ta shiga gida, ta fito da kwaryar ƙuliƙulinta, ta kife a kan tarin. Wata ta bi ta.

An kusa sa Nomau a mota kuka ya tashi daga zaure. Bai tambayi ko na mene ne ba, ya san Yunusa ya cika. Ya miƙo hannuwansa.

"Ka cire mini. In wanke shi. Ba wanda ya iya."

Nazir ya dubi shef ɗinsa. Idirisu ya karɓi makulli, ya buɗe ankwar, ya tsaya bakin zaure yana jin zubar ruwa.

Likkafanin bai kai ba. Abin da aka yaga wa majo ne ya rage shi, ƙafafun Yunusa suka leƙo. Maigari ya cire rawaninsa aka cika.

Da aka ɗauki gawa aka nufi makabarta, Nomau ya fito, hannuwansa a jiƙe, ya miƙa su da kansa aka mayar da ankwa. Mota ta tashi ta bi ta cikin hayaƙin gyaɗa, bai waiwaya ba.