Gashin Inna a Gindin Turke

Da almuru na sauka tashar jiragen ruwan garinmu da sabuwar wayar lantarki a kafaɗa, ja da baƙa, kaurin ɗan yatsa. Ƙaramin jirgi mai filafilai, ƙyallayen da iska ke turawa, da Baba ya bar mini ya kai shekara arba'in, wayoyin batirinsa duk gishiri ya cinye. Ina so in fita teku da fitila mai ci. Inna ta hana ni tun ina yarinya, har ta mutu kalmarta ɗaya ce: mace ba ta shiga teku.

Kawu Tokuji, tsohon masassaƙin jirage, yana zaune yana shan taba.

"Sumie, ta ina za ki bi da ita?"

"Ta gindin turken filafilai. Nan ne kusa."

"Ke dai kan nan naki dutse ne. Kurwar jirgin tana wurin. Ranar da na sassaƙa shi, bisa al'ada, da hannuna na rufe gashin uwarki a ciki, da tsabar kuɗi goma sha biyu. Ki zagaya."

"Wayar ba ta kai zagaye ba, Kawu."

Na shiga cikin jirgin, na cire kan batir, na durƙusa na huda katakon gindin turken. Warin dizal ya ɗauke. Ƙamshin man kai ya taso, irin wanda Inna ke shafawa.

Na zura jar wayar a ramin. Ta shige kamu ɗaya ta tsaya. Sai aka ja ta daga can.

Fitilar rufi ta kama. Kan batirin yana hannuna.

Na ja, aka ja. Wayar ta dawo da gashi naɗe a jikinta, baƙi wuluk, jiƙe sharkaf. Ya hau yatsuna. Ya zagaye wuyan hannuna.

Ruwa mai sanyi ya rufe idon sawuna.

"Sumie," aka ce a hankali, dab da kunnena. "Fita. Koma gida."

Tsoro ya kama ni. Amma haushi ya fi shi.

"Inna, shekarata hamsin da bakwai. Ba inda za ni."

Gashin ya matse. Ruwa ya kai gwiwa.

Na laluba da hagu na samo filayar yanka waya. Na datse. Wani ihu ya bi ta katakon jirgin, fitila ta mutu. Da rarrafe na fito, Kawu Tokuji ya fizgo ni ta wuyan riga, taba na rawa a bakinsa.

Washegari da rana tsaka na koma na ƙarasa aikin, ta wannan ramin dai. Ko ɗigon ruwa babu a cikin jirgin.

Yanzu ina fita duk Asabar, fitiluna tas. Sai dai da na wuce bakin tasha sandar tuƙi take fara karkata gida da kanta. Hannu biyu nake sa mata. Inna na ja, ina ja, kuma har yau ban sake ba.