Maɗiga da Baƙin Gidan Teku

Maɗiga, na'urar da ke kula da tankin ƙaguwoyi, ta buɗe bakin bututunta ta saki aidin cikin ruwan gishiri, ruwan ya yi jaja-jaja sannan ya washe. Daga lasifikar da ke saman tankin, muryar wata tsohuwa ta ce, "Ku ci, ku ci. Nan ma gida ne."

Gidan Teku na Birnin Tudu ke nan. Hukuma ce ta ga bai kamata a ce gari mai jirgin ƙasa na sama ba shi da teku ba, sai ta sa aka gina masa guda da gilashi, aka jiƙa gishiri a ruwan burtsatse, aka yi wa ƙaguwoyi jigila daga bakin ruwa. Dakta Tasalla ce mai kula da su.

Ƙaguwa ba ta girma sai ta yi saɓa irin ta maciji: ta tsaga tsohon kwanso, ta fito da jiki laushi, ta ɓuya har sabo ya yi tauri. Masu kiwonta kan ɗiga mata aidin kaɗan don saɓar ta zo da sauƙi. A kaɗan ɗin aikin yake. In ya yi yawa, sai ta tuɓe tun lokaci bai yi ba, ta kuma tuɓewa, har ƙarfinta ya ƙare.

Sa'ad da Tasalla ke ƙera Maɗiga, an nemi ta ba na'urar halin mai kula. Ita kuwa ba ta san mai kula kamar mahaifiyarta ba, Inna Kande, wadda ta rasu bara. Ta kwashe saƙonnin muryarta kaf ta juye a ƙwaƙwalwar na'urar. Na'urar ta ɗauko komai: tarin Inna, kunyar 'yar fari da ta hana ta kiran sunan Tasalla, har da ƙa'idarta a kan baƙo. A wurin Inna, baƙon da ya suɗe kwano bai ƙoshi ba, sai wanda ya bar saura. Su kuma ƙaguwoyi ba su san kara ba, duk abin da aka zuba shanyewa suke yi. Maɗiga ta ɗanɗana ruwa, ta ji wayam, ta ƙara.

Yanzu tankin cike yake da kwansuna, kowanne tsaye da ƙafafunsa da gurbin idanunsa, ba kowa a ciki. 'Yan kallo sun fi son su haka. Mai rai ɓuya take yi, kwanso kuwa yakan tsaya a ɗauke shi hoto. Mai numfashi saura guda, wata babba da ma'aikata ke kira Magajiya.

"Dakta, ki bari in goge ƙwaƙwalwar nan," in ji Sallau, injiniyan gidan. "Na rage awo, ta mayar. Har marowaci ta ce mini."

"To cire kwalbar aidin ɗin mana."

"Na cire, na sa ta ruwa. Ta ce ita ba ta ba baƙo ruwa da sunan miya. Ta tsayar da famfon iska sai da na dawo mata da kayanta. Magajiya ba za ta kai wata saɓar ba, ke ma kin sani."

"In ka goge, muryar fa?"

"Har ita. Kina da wata ajiye?"

Ba ta da ita. Ta matsa gaban allon na'urar, ta ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa.

"Ke, 'yar nan," in ji lasifikar, "kin karya kuwa? Dubi wuyanki."

"Na karya, Inna."

"Ƙarya kike. Haka kike tun kina firamare, sai an tsare ki da ludayi." Sai ga ɗan tarin nan ya biyo baya, wanda likitoci suka ce ba komai ba ne.

Tasalla ta janye hannunta, ta ɓoye shi cikin mayafi.

"Gobe, Sallau."

"Jiya ma gobe kika ce, ranki ya daɗe."

Washegari da hantsi Magajiya ta tsage. Tasalla na tsaye tana kallo, ƙaguwar ta zare kanta daga kwanson, fara sol, laɓe-laɓe kamar tuwon da bai nuna ba. Ta ja jiki zuwa bayan dutse, ƙafa ɗaya ta motsa, daga nan shiru. Kwanson ya tsaya a gaban gilashi, hannuwa a sama. Shugaban gidan, da ya zo zagaye da manyan baƙi, ya nuna shi da sanda, ya ce a duk faɗin duniya babu inda halittun teku suka saki jiki da mutane kamar Birnin Tudu. Aka tafa.

Bayan sun wuce, Maɗiga ta zura harshenta na ƙarfe ta ɗanɗana ruwan. Aidin na nan yadda ta zuba shi, ba wanda ya taɓa. Bututun ya rufe a hankali.

"Alhamdulillahi," in ji Inna, da murna a muryarta. "'Yar nan, zo ki kwashe kwanukan. Baƙi sun ƙoshi."