Kundin Wanzaman Gaffati

Da hantsi aka bugo waya komisariya, ofishin 'yan sanda, daga unguwar Birni, aka ce an tarar da Alhaji Zakariya'u mai farmasi kwance cikin jini a ɗakin littattafansa. Sufeto Mahamud ya ture kofin shayin da bai ko kurɓa ba, ya yafito ɗan sanda ɗaya suka hau mota.

Duk Damagaram an san Alhaji. Tun da ya bar sayar da magani ba shi da aiki sai farautar tsofaffin littattafan likitanci. In ya ji ƙishin-ƙishin kundi a Takieta, ko zazzaɓi yake sai ya je ya gani da idonsa. Mutane suna cewa don bai haihu ba ne ya mai da takardu 'ya'ya. Bakin mutane ke nan, ba ya raga wa kowa.

Gawar tana gindin wani akwatin ƙarfe, ƙeyar ta fashe a kan kusurwarsa. Hannunsa na dama a dunƙule yake, da ƙyallen shuɗiyar riga a ciki.

Mahamud ya bi kantocin da kallo. Ga manyan littattafan fiɗa na likitocin sojan Faransa, masu zanen hanji da ƙashi. Ga na haɗa magunguna bugun Masar, takardunsu sun yi ja don tsufa. Ba wanda aka taɓa. A ƙasa kuwa ga wata gafakar fata, jakar da ake adana kundi, baki buɗe, ba komai ciki.

Ya ɗauke ta. Wata hoda ta manne masa a yatsu, warinta ya daki hancinsa har ya yi atishawa.

"Kada ka kai hannun nan bakinka, ɗana."

Hajiya Delu ce, matar marigayin, tsaye a bakin ƙofa, idanu sun kumbura.

"Mene ne wannan, Hajiya?"

"Maganin ƙwari ne, irin wanda manoma ke cuɗa iri da shi. Gara ta taɓa cinye masa littafi, tun ran nan yake barbaɗa shi tsakanin takardu. Shi kansa sai da safar hannu yake buɗe su. Ya ce cokali guda ya isa kashe akuya."

"Me ke cikin gafakar?"

"Wani tsohon kundi ne, rubutun hannu. Ya fi son shi da duk sauran."

"Wa ya shigo gidan nan yau?"

"Ba kowa. Ina madafa na ji faɗuwarsa."

"Wa ke zawarcin kundin?"

"Rashid na unguwar Zango. Jiya ma ya zo."

Mahamud ya wanke hannu da sabulu. Da zai fita ya ga ƙwaryar fura a zaure, an sha rabi, ludayi na ciki.

Rashid dillalin kayan da ne: takubba, layu, tsofaffin takardu, duk abin da baƙi ke so. Mahamud ya same shi a shagonsa. Yana ganin kaki ya hau rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Wallahi, Mushe," in ji shi, wato yallaɓai da Faransanci, "rabona da Alhaji tun azumi."

"Matarsa ta ce jiya ka je. In kai ka komisariya ka tuna a can?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Rashid ya share zufa. "Na je. Na taya kundin, ya kore ni kamar kare. Amma ban taɓa shi ba."

Mahamud ya kwance ledar da ya naɗe gafakar a ciki, ya ajiye a kan tebur. Rashid ya dafe kai.

"An bar wannan? To ɓarawonka ba mai sayarwa ba ne. Kundi ba gafakarsa, ai rabin darajarsa ta tafi. Ko yaron shago ya san haka."

"In ba sayarwa ba, me zai yi da shi?"

"Masu shi na asali ba karanta shi suke ba, Mushe. Wanke shi suke."

"Yi mini bayani."

"Na wani gidan wanzamai ne a Gaffati. Kakansu ya yi wa mutanen fada ƙaho da tsaga a zamanin da, shi ya rubuta magungunansa a ciki. In ciwo ya gagara, sai su zare takarda ɗaya su wanke tawadar a ƙwarya, mara lafiya ya sha. Takardu da yawa sun koma farare fat. Shi ya sa Alhaji ya saye shi hannun babban wansu, wai don ya ceci saura."

Mahamud ya dubi yatsunsa. Duk da sabulun, warin na nan. Wanda ya mutu ya riga ya mutu. Amma a wani gida yanzu haka akwai mara lafiya, akwai ƙwarya, akwai ruwa.

Ya koma Birni a guje. Mata sun fara cika gidan makoki, ya sa aka kira masa Hajiya Delu zaure. Ƙwaryar na nan inda take.

"Hajiya, Alhaji a zaure yake shan fura?"

"A'a, yana da ciwon suga, ba ya..."

"Baƙo ake kawo wa fura a zaure. Ke uwa ce a wurina, ba na so in ɗaga miki murya. Wane ne?"

Ta zauna a kan dakali.

"Suma'ila ne, ƙanen wanda ya sayar da kundin. 'Yarsa Balki ke farfaɗiya, har wuta ta taɓa faɗawa. Ya yi ta sintiri yana roƙon takarda ɗaya. Alhaji ya ce takarda ba ta warkarwa, ya kai ta asibiti shi zai tsaya masa. Suma'ila ya ce ya kai, ba ta daina ba. Ni ban haifa ba, ɗana, amma na san kukan uba. Na ce ya zo yau, Alhaji zai tafi gaisuwar mutuwa. Ashe ya manta tabarau, ya dawo."

"Kin gaya masa akwai guba a takardun?"

"Cewa na yi ya kai wa malami ya kwafa a allo, ya maido kafin a sani."

"Ba sa kwafa, Hajiya. Tawadar kakan suke so."

Mahamud ya ji haushinta, ya kuma ji tausayinta, amma ba shi da lokacin ko ɗaya. Ya buga wa asibiti a biyo su da mota, suka kama hanyar Gaffati.

Damina ce, gero ya kai kafaɗa, hanya duk taɓo. Dab da gari motar ta kafe a wani kwari. Mahamud ya bar ɗan sandan yana fama da ita, ya cusa ankwa a aljihu ya ci gaba da ƙafa, yana tambayar gidan wanzamai.

Abin da ya fara gani a tsakar gidan takardu ne shanye a kan zana, an danne su da tsakuwa, jiƙaƙƙu, tawadar ta zama dishi-dishi. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kusa da inda ruwan wankin ya zuba, wata kaza na kwance ƙafafu a sama.

Wani siririn mutum na zaune a ƙofar ɗaki, sanye da shuɗiyar riga yagaggiya a kafaɗa. Ya ga kaki bai motsa ba.

"Kai ne Suma'ila? Ina yarinyar?"

"Yi a hankali, ranka ya daɗe. Ta samu barci."

"Ta sha?"

"Ta sha." Har da ɗan murmushi. "Na san za ku zo, ba zan wahalar da ku ba. Ni ne. Ya kama mini riga, na fizge, na ture shi. Na ji ƙarar kansa a jikin ƙarfe. Allah ya sani ban je don in kashe shi ba. Kayan kakana ne, wana ya sayar ba da sanina ba."

"Takarda nawa ka wanke?"

"Ɗaya na yi niyya. Amma da na ga na riga na ɗauki alhakin rai, sai na ce bari in wanke mata da yawa, kada jinin bawan Allah ya tafi a banza."

Mahamud ya ɗaga asabari ya shiga. Uwar, Shatu, na zaune tana yi wa yarinyar fifita. Balki ba za ta wuce shekara bakwai ba, da tabon ƙuna a hannu, kumfa ta bushe a gefen bakinta.

"Ta yi amai, ta yi ta fizge-fizge," in ji Shatu ƙasa-ƙasa. "Babanta ya ce ciwon ne ke fita. Yanzu kam ta lafa."

Ya durƙusa ya sa yatsu a wuyan yarinyar. Ya daɗe a haka, yana roƙon Allah ya sa hannunsa ne ya yi ƙarya. Ya ga gawa iri-iri a aikin nan, amma bai taɓa ganin wadda ake yi wa fifita ba. Ya rasa bakin da zai gaya wa uwar. Ya miƙe ya ce likita na tafe, ya fita, yana jin kunyar kansa.

Suma'ila ya miƙo hannuwa da kansa aka sa ankwa.

"Alfarma ɗaya, ranka ya daɗe. In ta farka a ce mata na tafi cin kasuwa. Ga saura nan a ƙwarya, a ba ta da magariba."

Mahamud ya ɗauki ƙwaryar da gefen leda ya riƙe, don shaida ce. Suka fito. Ba su kai bakin gari ba sai ga kururuwar Shatu ta biyo su ta saman danga.

Suma'ila ya tsaya cak. Ya waiga, ya dubi fuskar sufeto.

"Alhaji yana barbaɗa wa takardunsa maganin ƙwari," in ji Mahamud. "Saboda gara. Ba wanda ya gaya maka."

Suma'ila ya sunkuyar da kai ya dubi yagewar rigarsa.

"Ya gaya mini," ya ce. "Abin da yake ta faɗa ke nan yana jan rigata. Akwai guba, akwai guba. Na ɗauka rowa ce."

Motar asibiti ta iso tana jiniya, ta wuce su ta nufi gidan. Ɗan sandan ya iso da motarsu da ya fitar daga taɓo, ya buɗe ƙofar baya, amma sai da suka ɗaga Suma'ila su biyu kafin ya shiga.