Sharar da Aka Raba Biyu

"Tsallako, Irmgard! Don Allah ki tsallako!"

Angonta Lothar ne ke ƙwala mata kira. Tana tsaye da tsintsiya a hannu, ta rasa gane ko mafarki take yi. Jiya-jiyan nan dangi suka cika ƙofar gidansu a Berlin suna fasa farantai da kofuna, kamar yadda ake yi wa masu shirin aure. Al'ada ta ce ango da amarya su share tarkacen tare, sannan zamansu ya yi albarka. Amma Lothar, sarkin son jiki, ya ce a bari sai da safe, ya koma gidansu a tsallaken titi.

To, ga safiyar ta zo. Sojoji sun ja waya mai ƙaya ta tsakiyar titin, ita a ɓangaren Rasha, shi a na Amurka. Har tarkacen farantan an raba musu.

"Lothar, wai me ake ciki ne? Yaƙi za a sake?"

"Ni ma ban sani ba, masoyiyata! Wasu na cewa yau kawai ne, wasu na cewa har abada. Dubi can wajen fitila, wayar ba tsayi. Sojan ya juya baya!"

"Baba fa?"

"Ma dawo mu ɗauke shi..."

"Ta ina?"

Shi ma bai san ta ina ba.

Ta tattare siket ɗinta. Har ta ɗaga ƙafa, sai ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a bayanta. Mahaifinta ne, Ewald, wanda ya sha ɗauri zamanin yaƙi saboda aƙidar gurguzu, ya fito kurkuku ba idanu. Ita kaɗai ta rage masa a duniya.

"'Yata, hayaniyar me nake ji?"

"Waya suka ja, Baba... Lothar yana can, muna nan."

Tsohon ya yi dariya. "Haba! Jam'iyyar da na ba wa idanuna ce za ta raba ango da amarya? Amurkawa ake tsoratarwa. Kwana biyu za su kwashe."

"Ka tabbata, Baba?"

"Na taɓa yi miki ƙarya?"

Bai taɓa ba. Ta dubi Lothar, ta dubi hannun da ke lalube yana neman kafaɗarta, ta sauke ƙafa. Ita kanta ba ta san ko daidai ta yi ba.

Lothar ya shige gida fuu, har ta zaci fushi ya yi. Sai ga shi da tsintsiyar babarsa.

"Share naki, in share nawa," ya ce. "Ai tare ke nan, ko?"

"Malalaci! Da jiya ka yi..." Kuka ya ƙwace mata, amma ta share tas.

Ranar da aka sa za a ɗaura auren, magina suka iso da bulo. Tana kallo gini ya haɗiye ƙirjin Lothar, ya haɗiye fuskarsa, sai kan tsintsiyar da yake ɗaga mata. Can tsintsiyar ma ta ɓace.

Daga ƙofa tsohon ya kira ta cikin murna. "Na ji motsin ma'aikata, 'yata. Sun kwashe wayar ko?"

Ta share hawaye, ta kama hannunsa.

"Sun kwashe, Baba. Mu shiga ciki."