Gizon da Ya Shiga Idon Kaka

A garin Roni akwai wani yaro ɗan aji uku. Tun da kakansa ya rasu, shi ke taya kakarsa Dela hira. Ita kuwa ba ta kiransa da sunansa. Kullum sai ta ce, "Maigidana."

Kaka Dela gwana ce wajen saƙa faifai. Amma a bana ta fara haɗa jar kaba da baƙa. Rannan ma ta yi wa turmi sallama, ta zaci maƙwabciya ce.

Baban yaron, Malam Haladu, ya duba idonta.

"Inna, kamar yana ce ta fito miki. Mu je asibiti a Kazaure."

"Tsufa ne kawai," in ji Kaka. "Ba inda zan je."

Yaron yana gefe yana ji. Yana? Ai ya san yana! Ita ce gizo-gizo ke yi a kusurwar ɗaki.

Da Baba ya tafi gona, sai yaron ya samo gashin kaza. Ya jiƙa shi a ruwan sabulu.

"Kaka, buɗe idonki. Zan share miki yanar, in kori gizon."

Kaka ta yi dariya. "To, Maigida ya zama likita! Bismilla."

Yana goga gashin, sai Kaka ta saki ƙara.

"Wayyo idona! Barkono ka sa mini?"

Idon ya yi jawur, hawaye na zuba. Ta kasa buɗe shi. Yaron ya ruga gona yana kuka.

"Baba, na makantar da Kaka!"

Nan da nan Baba ya nemo mota. Suka kama hanyar Kazaure. Yaron yana riƙe da hannun Kaka.

A asibiti, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Martina ta wanke idon. Ta ɗiga magani, sannan ta tambayi abin da ya faru.

"Ni ne," in ji yaron, kansa a sunkuye. "Gizon nake so in kora."

Sista Martina ta danne dariyarta.

"Yaro, babu gizo a idon Kaka. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan yanar a cikin ido take, ba ta goguwa. Allah ya taimake ka ba ka ji mata ciwo sosai ba."

"Za ta sake gani?"

"In sha Allahu. Idan jan ya wuce, likita zai yi mata ɗan aiki."

Ta juya wajen Kaka. "Mama, tsufa ba makanta ba ne. Ko ido bai yi ciwo ba, a riƙa zuwa ana duba shi. A auna suga da hawan jini. A yawaita cin zogale da karas. Kai ma, Malam, ka kai shekarun."

Baba ya sosa ƙeya. Kafin su tafi, shi ma sai da aka duba shi.

Bayan wasu makonni aka yi wa Kaka aiki. Washegari aka cire audugar da aka rufe idon da ita. Kaka ta ƙifta ido, ta ƙare wa jikanta kallo.

"Ikon Allah! Yaushe haƙoranka biyu suka zube? Ashe da mai giɓi nake zaune ban sani ba!"

Kowa ya fashe da dariya, har da likita. Yaron ya rufe baki da hannu, ya faɗa jikinta.

Daga ranar ya gane cewa ido ba abin gwaji ba ne. Ba a saka masa komai sai da umarnin likita. Kuma idan ganin babba ya fara raguwa, asibiti ake kai shi da wuri.