Hoton da Fuska Ba Ta Fito Ba

Ana ruwa a tashar Tsafe ranar da Yazid ya fara ganin ta. Tana tsaye a rumfar mai shayi tare da wata dattijuwa. Ya ɗaga wayarsa mai fasasshen gilashi ya ɗauka. Dattijuwar ta yi sauri ta juya baya.

"Malam, wa ya ba ka izini?" in ji budurwar.

Ya miƙa mata wayar. Ta duba, ta taɓe baki.

"Duk ya yi dishi-dishi. Ko fuskata ba ta fito ba."

"Sanyin ya fito," ya ce.

Sunanta Wasila, daga Kucheri. Dattijuwar mahaifiyarta ce, Inna Delu, wadda ko hoton biki ba ta yarda a ɗauke ta. Wasila ba ta ce ya goge ba. Lambarsa ta karɓa.

Tun da ya gama sakandare yake yawo a titunan Gusau yana ɗaukar abin da ba a so: inuwar mai baro, hayaƙin mai tsire, ƙafafun fasinja a cikin taɓo. Kullum yana tura mata ɗaya.

"Mai dishi-dishina, yau ma hannunka rawa yake?"

"Tun daga Tsafe bai daina ba, Wasi."

Da magabatansa suka je, mahaifinta Malam Arzika ya ƙi.

"Ko hoton bai iya ba. Ga Sahabi na Bungudu da shagonshi, in ya ɗauke ka sai ka fito kamar ango. Shi nika ba ɗiyata."

Bayan girbi Inna Delu ta kwanta. Kwana tara ta yi, ta rasu. Yazid ya je gaisuwa, ya zauna a ƙarshen tabarma, ya tashi bai nemi kowa ba. Daga nan ya daina tura hoto.

"Shirunka na nufin ka haƙura da ni ke nan?" Wasila ta rubuto masa.

"Ban san abin da ake tura wa mai makoki ba."

"Baba ba ya cin abinci. Ya ce ya fara manta kamanninta."

Ranar sadakar arba'in Sahabi ya zo da babban hoto a firam. Daga katin zaɓenta ya ciro fuskar, ya goge tamoji, ya ƙara mata haske da sarƙa. Malam Arzika ya daɗe yana kallo.

"Wagga ba Delu ba ta."

Yazid ya matso, ya durƙusa, ya ajiye nasa a gaban tsohon. Ƙarami ne, babu firam. Ruwa, rumfa, da bayan wata mata: kafaɗar hagu ta ɗan sauka, hannu ɗaya ya ja gefen mayafi, ɗayan yana riƙe da hannun 'yarta.

Tsohon ya ɗora yatsa a kan kafaɗar.

"Haka taka juya min baya in na ɓata mata rai." Ya ɗaga hoton. "Ita ta. Wallahi ita ta."

Ya share ido da bakin rawani.

"Yaro, ka turo manyanka."

An ɗaura aure kafin damina, babu kiɗa. Malam Arzika ya haɗa hannuwansu ya ce, "Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman da muka yi ni da ita."

Yazid ya ɗauki amaryarsa hoto guda ɗaya. Tana kuka, ta motsa. Fuskar ba ta fito ba.

"Kar ka goge," ta ce.