Bakin da Batiste Ya Buɗe

Empar, Nelo, ku ajiye cokulan nan ku saurare ni. Ba zan maimaita ba.

Kun san tsohon zauren fataken siliki, inda na ƙarar da ƙuruciyata riƙe da tsintsiya. Kun san ginshiƙansa masu murɗewa kamar igiya, da fuskokin dutse biyu a saman ƙofa. Maginan farko sun sassaƙa musu ido da kunne, suka bar su ba baki. Da gangan ne. A ƙarƙashinsu fatake ke ƙulla ciniki da musafaha, kuma wanda ya ba da hannu a wurin, ya bayar ke nan.

Sai aka kawo Batiste masassaƙi ya yi gyara. Na ce, "Kada ka taɓa su."

Ya ce, "Ke Vicenta, ji da ƙurarki." Ya buɗe wa ta dama baki.

Ran nan da magariba na koma ɗauko mayafina. Ƙararrawar coci ta yi shiru. Ƙamshin furen lemo na tsakar gida ya ɗauke, sai warin tsohon yadi mai laima.

Sai raɗa, daga sama.

"Wa ke sayarwa?"

Na ce, "Batiste, ba na son wasan banza."

Ashe yana gindin tsani, hannunsa a miƙe, yana gaisawa da iska. Bakinsa na motsi. Ba sauti.

Wani sanyi ya shafi yatsuna, yana laluben tafina.

"Ke fa, uwar gida?"

Na cusa hannuwana a hammata. Na ja da baya, da baya, har na ji duwatsun titi a ƙafata.

Batiste ya daɗe a duniya, amma bai ƙara furta kalma ba. Muryarsa kuwa na sha jin ta ina shara, daga saman ƙofa.

Yanzu kai Nelo, don ka iya sassaƙa, ka zo kana washe baki wai an ba ka aikin fuskar hagu. Na taka har ofishin masu kula da ginin, sun ce ba su ɗauki kowa ba. To wa ya ba ka? Wai wani dattijo mai ladabi, a bakin ƙofa. Na ce kun gaisa da hannu? Ka ce min miya ta yi gishiri.

Tun da ka zauna damanka na cikin aljihu. Da hagu kake ci.

Empar, ke ce babba. Ki sa ƙanenki ya ɗora hannun nan a kan tebur, ku raba mini wannan gardama kafin ƙararrawa ta buga.